Gurabe huɗu a sashe ɗaya: a ɗauko manya daga waje, a keɓe kujeru, ko a reni ƙanana?

A ce bayan shekaru ana jira an ba sashenku izinin ɗaukar malamai huɗu. Ku goma sha takwas ne, mace ɗaya a cikinku. Sha biyar a nan suka yi digirin farko, a nan suka yi na biyu, a nan suka yi digirgir, wasu ma a hannun farfesa guda. Da za a ce kowa a kai shi garinsu, bas ɗaya ce za ta sauke ku duka kafin la'asar. A ɗakin taro babu mai musun cewa ya kamata fuskar sashen ta sauya. Inda ake rabuwa shi ne yadda za a kashe guraben nan, tunda ba wanda ya san ranar da za a sake samun wasu.

Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 domin duba buƙatun jami'o'in gwamnati, wanda Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta lokacin yana shugabantar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ya ƙirga malamai 37,504 a faɗin Nijeriya. Kashi 83 cikin 100 maza ne, kuma kashi 43 ne kawai ke da digirin digirgir. Ƙirgan ya kwana biyu, amma duk wanda ya leƙa taron malamai a tsangayar injiniya ko sashen lissafi zai gane hoton.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun taɓa sanin wani abu dabam. Shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne. Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, shi ya kafa ginshiƙin nazarin tarihi a Zariya. Patrick Wilmot daga Jamaika ya zo, Okello Oculi daga Uganda, ga Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Ghana a ɗakunan gwaje-gwaje da asibitin koyarwa. A cikin wannan gauraya su Yusufu Bala Usman suka yi muhawarorin da har yau ake tunawa. Faɗuwar naira bayan 1986 ta kwashe yawancin baƙin, gwamnatin soja ta kori Wilmot a 1988, sannu a hankali kowace jami'a ta koma ɗaukar 'ya'yan da ta haifa.

Illar hakan ba ta tsaya a hoton kalanda ba. Mutumin da ya koyar da kai tun aji ɗaya, ya duba kundinka, ya sa baki aka ɗauke ka aiki, ba za ka miƙe a taron ƙara wa juna sani ka ce masa nazarinsa ya tsufa ba. Kunya ba za ta bari ba, kuma kunyar ba aibu ba ce, tarbiyya ce. Sai dai idan sashe gaba ɗaya malami ne da almajiransa, babu mai cewa a sake lale. Haka ɗalibar da ke son mai duba kundinta ta zama mace, ko wadda mahaifinta ko mijinta zai fi natsuwa da hakan, sai ta haƙura da digiri na biyu. Ita ce kuma malamar da bayan shekara biyar za a ce an nema ba a samu ba.

Hanyar da ta fi saurin zuwa a zuciya ita ce a ɗauko wanda ya riga ya yi suna: babbar lakcara daga wata jami'a, farfesa daga Kudu, ko ɗan ƙasa da ke koyarwa a Malesiya ko Ingila. Ribarta a fili take. Yau ya zo, gobe yana duba ɗaliban digirgir, yana da murya a majalisar jami'a, kuma idan tawagar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta zo tantance kwas, sunansa yana cike gurbin manyan malamai da ake tambaya. Babba kuma ba ya jin tsoron kowa a sashen, domin ƙarin girmansa ba ya hannunsu.

Jami'o'in Amurka masu kuɗi sun bi wannan hanya sosai. A Nuwamban 2015 Jami'ar Yale ta ware dala miliyan 50 na shekara biyar domin faɗaɗa irin malaman da take ɗauka. Sukar da aka daɗe ana yi wa irin wannan kashe kuɗi ita ce sau da yawa ba ya ƙara yawan malaman a ƙasa, wurin zamansu kawai yake sauyawa. Baƙar fatar da ke farfesa a wata jami'ar jiha ta koma mai kuɗi, can an yi biki, nan an yi rashi, jimilla tana nan yadda take. A wurinmu abin ya fi tsanani. Matan da suka kai matakin farfesa a fannin kimiyya a Arewa ba su da yawan da za a yi ta wawaso a kansu, kuma sababbin jami'o'in tarayya da na jihohi da masu zaman kansu duk ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Ga shi albashin jami'o'in tarayya bai ɗaya ne, ba ka da abin da za ka ɗora wa mutum a kan abin da yake samu. Da me za ka ja shi? Gida a cikin makaranta, makarantar yara, ɗakin gwaji mai wuta, ko kusanci da iyayensa da suka tsufa. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, tallar da zai buga a jarida asarar kuɗi ce.

Akwai ƙaramar sigar wannan hanya da ta fi dacewa da aljihunmu, wato aro. Malami ya zo hutun sabatikal na shekara guda, ko ya riƙa zuwa a matsayin mai ziyara. Shirin Carnegie na 'yan Afirka mazauna ƙetare, wanda ya fara a 2013, ya riƙa biyan kuɗin zuwan malaman da ke Amurka da Kanada su yi makonni a jami'o'in Afirka, har da na Nijeriya. Tsarin biyan albashi na IPPIS ya takura irin wannan zirga-zirga, yana cikin ƙorafe-ƙorafen ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, har gwamnati ta amince a Disamban 2023 a cire manyan makarantu daga cikinsa. Aro yana kawo sabuwar iska, kuma hanya ce ta gwada juna kafin a ɗaura aure. Amma baƙo raɓa ne. Ranar da za a zauna raba kwasa-kwasai ko tantance takardun ƙarin girma, ba ya nan.

Hanya ta biyu ta fi kowacce tayar da ƙura: a ce wannan kujera ta mata ce, ko ta 'yan wani yanki ce, ba a duba takardar kowa sai tasu. Wanda ke son ya ga ƙarfinta da rauninta a wuri ɗaya ya dubi Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan. Daga 1 ga Yulin 2019 ta ce duk gurbin malami da aka buɗe, mata kaɗai za su nema a watanni shida na farko, sai in ba a samu wadda ta cancanta ba maza su shigo. Duk wadda aka ɗauka kuma ana ƙara mata yuro 100,000 na fara bincike, da wanda zai riƙa yi mata jagora. Cikin ɗan lokaci aka ɗauki mata da dama a sassan da a da ake cewa babu su. Shekara guda bayan haka, a Yulin 2020, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce tsarin ya saɓa wa dokar daidaito, domin ya rufe wa maza ƙofa baki ɗaya ba tare da duba inda ake da gibi na gaske ba. Jami'ar ba ta jefar da shirin ba, ta rage masa faɗi: ya koma kan wani kaso na guraben, kuma a inda mata ba su kai kashi 35 cikin 100 ba.

Abu biyu na ɗauka daga Eindhoven. Na farko, maganar "mun nema ba mu samu ba" sau da yawa tana nufin ba mu nema ba. Da aka ɗaure hannun shugabannin sassa, sai suka fara buga waya, suna bin sunaye a tarurruka, suna tambayar abokan aiki a wasu ƙasashe, sai ga matan. Na biyu, tsarin da ya dogara da rufe ƙofa yana rayuwa ne da izinin lauyoyi da 'yan siyasa. A Amurka jihar Kalifoniya ta haramta fifiko bisa launin fata ko jinsi a ma'aikatun gwamnati tun 1996, Michigan ta bi sahu a 2006. Kotun Ƙolin ƙasar ta soke duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a Yunin 2023, Texas ta rufe ofisoshin kula da daidaito a jami'o'inta daga farkon 2024, jami'ar MIT kuma ta daina neman masu son aiki su rubuta bayanin gudummawarsu ga daidaito a 2024 ɗin. Duk abin da aka gina a kan wannan ƙasa, iska ɗaya ta siyasa tana iya yaye masa rufi.

Mu ma muna da namu keɓe kujerun, sunansa raba daidai. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce kada 'yan wasu jihohi ko ƙabilu ƙalilan su mamaye ma'aikatun tarayya, kuma akwai hukuma sukutum da ke sa ido. Amma jiha yake ƙirgawa. Bai ambaci mata ba, bai tambayi inda mutum ya yi karatu ba. Sashe zai iya cika sharaɗin raba daidai da maza goma daga jihohi goma, dukkansu ɗaliban malami ɗaya. Sannan sashe na 42 na kundin ya hana nuna bambanci saboda jinsi ko addini ko asali, don haka shugaban da ke tunanin buga talla ta "mata zalla" ya fara zama da lauyan jami'a.

Akwai kuma kuɗin da wanda aka ɗauka yake biya, ba jami'a ba. Duk wadda ta shigo ta kujerar da aka keɓe, akwai mai raɗa a bayanta cewa alfarma ce ta kawo ta, ko da takardunta sun fi na mai raɗar. Wannan raɗa tana bin mutum har ɗakin tantance ƙarin girma.

Hanya ta uku ita ce reno, kuma a nan zan daɗe, domin ita muka fi sani kuma ita muka fi lalatawa. Tsarinmu na ɗaukar wanda ya fita da sakamako mafi kyau a matsayin mataimakin malami reno ne. Matsalar ita ce wa ake zaɓa, a ina yake ƙaro karatu, da abin da ake ɗora masa kafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Afirka ta Kudu ta gaji jami'o'in da manyan malamansu galibi farare ne maza, saboda mulkin wariyar launin fata. A 2015 ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasar ta fara wani shiri da ake kira nGAP. Ana ɗaukar matashi a gurbin dindindin tun ranar farko, ba kwantiragi ba. Shirin na shekara shida ne. A shekaru ukun farko nauyin koyarwarsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na abin da cikakken malami ke ɗauka, domin ya gama digirgir ko ya kafa bincikensa. Ana haɗa shi da babban malami mai jagora, ana ba shi kuɗin kayan aiki da na zuwa taro a ƙetare. Gwamnati ke ɗaukar albashin da farko, jami'a tana karɓa a hankali. An kuma ce aƙalla kashi 80 cikin 100 na guraben su tafi ga baƙaƙe da sauran waɗanda aka danne a da, da mata. Ka ga akwai ɗan keɓe kujera a ciki, amma nauyin shirin ba a ƙofar shiga yake ba, yana kan shekaru shidan da ke biye.

Jami'ar Kalifoniya tana da nata tun 1984: tallafin shugaban jami'a ga waɗanda suka gama digirgir, su yi shekara ɗaya ko biyu suna bincike ƙarƙashin wani farfesa. Dabarar da ta ba shi ƙarfi ta zo a 2003, lokacin da ofishin shugaban ya ce duk harabar da ta ɗauki ɗaya daga cikinsu aikin koyarwa, za a tallafa mata da kuɗin albashinsa na shekara biyar. Sai sassa suka fara rububin waɗannan matasa. Shirin ya ci gaba bayan dokar 1996, domin ba launin fatar mutum yake tambaya ba, aikinsa yake dubawa da irin ɗaliban da ya yi wa hidima.

Mu kuma fa? TETFund tana biyan kuɗin ƙaro karatun malamai, wannan babban abu ne da ƙasashe da yawa a Afirka ba su da irinsa. Amma ta dakatar da ɓangaren karatu a ƙetare daga Janairun 2025, saboda tsadar canji da kuma yawan waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin rufe ƙofa. Ni ina ganin akwai taga a ciki. Ba dole sai Leeds ko Kuala Lumpur mutum zai sha wani ruwa ba. Ɗan Kano ya yi digirgir a Ibadan ko Nsukka, 'yar Sakkwato ta yi a Jos ko Ilori, ya ishe su dawo da wata hanyar tunani da abokan aiki da ba na gida ba. Ga matar aure mai goyo kuma, Zariya zuwa Kano ya fi yiwuwa a kan Zariya zuwa Ingila.

Raunin reno biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne. Yana da jinkiri: daga mataimakin malami zuwa babban lakcara shekara goma ba abin mamaki ba ne, balle an haɗa da yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas. Shugaban sashen da ya shuka ba shi zai ci 'ya'yan ba. Na biyu, idan aka bar zaɓen a hannun "wane ɗalibina ne, yaro ne mai ladabi", reno shi ne injin da ya haifar da matsalar tun farko. Ba mu kaɗai ba ne a wannan. Wani nazari da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya gano cewa kashi 80 cikin 100 na malaman jami'a da suka yi digirgir a Amurka sun fito ne daga kusan kashi 20 na jami'o'in ƙasar, kuma biyar kacal, Berkeley da Harvard da Michigan da Wisconsin da Stanford, sun yaye kusan ɗaya cikin kowane takwas. Kowa ɗan gidansu yake gani da haske.

Shi ya sa kowace hanya aka zaɓa, ɗakin intabiyu ne ke yanke hukunci. A 2012 masu bincike a Yale suka aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aikin kula da ɗakin gwaji. Takarda ɗaya ce, sai dai wasu an rubuta John a kai, wasu Jennifer. John ya fi samun maki a ƙwarewa, kuma matsakaicin albashin da aka yanka masa ya haura dala 30,000, na Jennifer kuwa wajen 26,500. Malamai mata ma haka suka yi. Don adalci, wani gwaji na 2015 ya samu akasin haka: da aka ba malamai bayanan 'yan takara biyu da suka yi fice daidai wa daida, sun fi karkata ga macen. Yadda na fahimci biyun shi ne son rai yana samun wurin shiga ne inda ma'auni ba shi da tabbas. Jami'ar Michigan tun 2002 ta kafa kwamitin manyan farfesoshi, ba ma'aikatan ofis ba, da ke zama da masu intabiyu suna nuna musu irin waɗannan sakamako, kuma su sa a rubuta ma'aunin zaɓe kafin a buɗe takardar kowa. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Na taɓa zama a wani intabiyu, a wata jami'a da ba sai na kira sunanta ba. Wata matashiya ta gama bayanin bincikenta, mai kyau ƙwarai, sai wani dattijo a kwamitin ya gyara zama ya ce, "To 'yata, maigidan ya amince? In aka yi masa canjin wurin aiki fa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, mun yi magana da shi." Ba da mugunta ya yi tambayar ba, har ga Allah tausayi ne. Amma maza shida sun shiga ɗakin a ranar, ba wanda aka tambaya ko matarsa za ta biyo shi. Da aka zo ba da maki, sai na ji kalmar "ba ta da tabbas" tana yawo a teburin. Ni ma ban ce uffan ba, ƙaramin malami ne ni a lokacin, kuma dattijon shi ya koyar da ni.

Duk wannan maganar shiga ce. Zama kuma wani abu ne dabam, kuma a nan hanyoyin uku suke bambanta fiye da yadda ake zato. Babban da aka ɗauko daga waje shi ya fi sauƙin tafiya, domin ƙafar da ta kawo shi ta san hanya. Wadda ta shigo ta keɓaɓɓiyar kujera ita ta fi fuskantar kaɗaici. Wanda aka rena ya fi daɗewa, amma shi aka fi yi wa lodi.

A 1994 tsangayar kimiyya ta MIT tana da mata 15 masu kujerar dindindin, maza 194. Farfesa Nancy Hopkins, da aka hana ta ƙarin fili na bincike, ta ɗauki tef ɗin awo ta bi ɗakunan gwaji tana aunawa, ta gano cewa har ƙananan malamai maza sun fi ta wuri. Rahoton da ya biyo baya a 1999 ya nuna bambanci a albashi da fili da shiga kwamitoci masu ƙarfi, shugaban jami'ar Charles Vest ya fito ya amsa laifi. Ba wanda ya zauna ya ƙulla wa matan nan makirci. Ƙananan abubuwa ne suka taru. Wani babban nazari na 2023 a kan malaman jami'o'in Amurka ya nuna mata sun fi maza barin aiki a kowane mataki, kuma dalilin da suka fi ambata shi ne yanayin wurin aiki, fiye da rikicin haɗa aiki da gida.

Ko gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya yana iya juyewa. Jami'o'in Amurka da dama sun ce duk malamin da aka yi wa haihuwa, mace ko namiji, a ƙara masa shekara kafin a tantance shi. Da masana tattalin arziki suka bi sawun abin a manyan sassan fanninsu 50, sai suka ga maza ne suka ci riba: sun yi amfani da shekarar sun ƙara wallafa, matan kuwa jego suka yi da ita, sai ma'aunin ya ƙara tsawo a kansu.

A wurinmu lodin yana da sunaye da kowa ya sani. Jami'in jarrabawa, mai kula da 'yan aji ɗaya su ɗari huɗu, sakataren kowane kwamiti. Mace ɗaya tilo a sashe kuwa ita ce uwar ɗalibai mata, ita ce a kwamitin ladabtarwa don kada a ce babu mace, ita ce mai kula da abincin taro. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake ƙirgawa ranar ƙarin girma, takardun da aka wallafa ake ƙirgawa. Malamin da ya zo daga wata jiha kuma, a wasu jami'o'in jihohi kwantiragi ake ba shi ana sabuntawa, ba fansho, ba fatan zama shugaban sashe. Mutumin da aka ajiye a bakin ƙofa ba a yi mamaki in ya fita.

Maganin kaɗaici da aka fi gwadawa shi ne ɗaukar mutane rukuni guda, ba ɗaiɗai ba. Jami'ar Wisconsin ta fara ɗaukar malamai a dunƙule a kan jigon bincike ɗaya tun 1998, wasu suka ara suka yi amfani da shi wajen faɗaɗa irin mutanen da suke ɗauka. Hikimar mai sauƙi ce. Mace ɗaya wakiliyar mata ce, duk kuskurenta na mata ne. Mata uku kuwa Dakta wance ce da Dakta wance da Malama wance, har suna iya saɓa wa juna a taro.

To, guraben nan huɗu. Idan sashenku sabo ne, babu farfesa, babu mai duba ɗaliban digirgir, tantancewar NUC na tafe, kada ku yaudari kanku da reno, babu mai renon. Ku kashe biyu a kan manya, ku fara da aro na sabatikal in ya yiwu, kuma ku nemi manyan da aka san su da yaye ɗalibai, ba masu dogon suna kawai ba. Idan kuma gibin ya yi muni har babu mace ko ɗaya, kuma an yi zagaye uku ana cewa ba a samu ba, ku ɗauki rabin darasin Eindhoven wanda ba ya kai mutum kotu: kada a rufe karɓar takardu, kada a kira intabiyu, sai jerin ya ƙunshi mata da 'yan wasu jami'o'i da suka cancanta. Ƙofa a buɗe take ga kowa, kwamiti ne aka hana gaggawa.

Amma ga sashe irin wanda na fara da shi, mai manya da yawa da suka fito daga tukunya ɗaya, ni gurbi ɗaya zan ba babba daga waje, mace in an samu, domin a samu mai zama a teburin da ake yanke hukunci. Ukun kuwa matasa ne a shigo da su tare, aƙalla biyu ba ɗalibanmu ba, kuma duk wanda bai yi digirgir ba a wata jami'a zai yi shi. Shugaban sashe ba shi da ikon ƙara wa kowa albashi, ba shi da gidan da zai bayar. Amma jadawalin darasi a hannunsa yake, rabon kwasa-kwasai a hannunsa yake, shi ke naɗa jami'in jarrabawa. Zai iya rubutawa a takarda, majalisar sashe ta sa hannu, cewa shekara uku ba za a ba sababbin nan fiye da kwas biyu a zango ba, ba za a ba su ofishin jarrabawa ba, ba za a sa mai goyo darasin ƙarfe shida na yamma ba. Wannan yana nufin wasu manya za su koma ajin 'yan shekarar farko da suka rabu da shi tun tuni, kuma a nan ne za a ji wa ke son sauyin da gaske.

Kafin a buga talla, shugaban sashe ya nemi lambar mutum uku na ƙarshe da suka bar sashen, ya kira su da kansa. Na gwada sau ɗaya. Na farko ya ce albashi ne, na san kuma ba shi kaɗai ba ne. Na biyu bai ɗauka ba. Ta ukun ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, shekara huɗu na yi, ofishina babu makulli, banɗakin mata kuma sai na tsallaka tsangayar da ke gaba. Na rubuta sau biyu." Na je na duba fayil, takardun nata biyu suna nan, ba wanda ya sa musu hannu.